Wata bakwai ina bin ofisoshin Abuja da tashoshin mota neman bayanan bincikena

Makon jiya wata ɗaliba da ke bayanmu a sashe ta turo min kudurin bincikenta in duba mata. Tana son ta yi nazarin yadda ake kwashe shara a Abuja, kuma a babi na uku ta rubuta cewa za ta karɓi bayanai daga hukumomin da abin ya shafa cikin mako biyu. Da na karanta wannan layi sai gabana ya faɗi, domin irinsa na rubuta a farkon 2024, kuma shi ya ci min wata bakwai daga lokacin digirina na biyu. Na kira ta muka yi magana mai tsawo, daga baya na ga gara in rubuta abin dalla-dalla, ko wani zai huta da wahalar da na sha.

A Mararaba nake zaune, a Wuse nake aiki. Duk wanda ke bin wannan hanya ya san abin da ake nufi da fita bayan sallar asuba a iso ofis rana ta ɗaga. Daga Mararaba zuwa Nyanya, zuwa gadar Karu, a haura Kugbo, a faɗa mahaɗar AYA da ke Asokoro, tafiyar da ba ta da wani nisa sai ta cinye wa mutum safiyarsa. Ina karatun tsarin sarrafa bayanai, kuma a aji kullum ana mana zancen birni mai basira, wato birnin da ke tattara bayanan motsinsa ta na'urori, ya nazarce su, ya gyara harkar sufuri da wuta da ruwa da su. Ana kawo mana misalin Singafo da Songdo ta Koriya ta Kudu, da Landan inda duk fasinjan da ya ɗora katinsa a ƙofar jirgin ƙasa ya bar wa hukuma alamar inda ya shiga da inda ya fita. Sai na ce me zai hana in yi irin wannan a kan hanyar da nake bi kullum. Abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa shi ne tarihin garin. Abuja birni ne da aka zana a takarda kafin a gina shi: dokar soja ta 1976 ce ta kafa yankin, babban tsarin ginin ya fito a 1979, gwamnati ta taso daga Legas ranar 12 ga Disamba 1991. A tunanina garin da aka haifa da lissafi ba zai rasa lissafin motocin da ke shigarsa ba.

Ranar kare kuduri, wani farfesa dattijo ya yi min tambaya ɗaya tak. Ya ce, "Ɗana, bayanan nan ka gan su da idonka?" Na ce, "Ranka ya daɗe, suna wurin hukumomi." Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu, aka wuce da ni. Sai daga baya na gane nauyin tambayar.

Matakin farko shi ne takardar gabatarwa daga sashe. Na cike fom, na bar shi wurin sakatariya, na jira kwana tara kafin shugaban sashe ya sa hannu, saboda ya yi tafiya. Takardar da aka ba ni guda ɗaya ce, ta gama-gari, mai cewa ga duk wanda abin ya shafa. Na yi mata kwafi shida ina murna. A ofishin farko da na je, wata hukuma mai ruwa da tsaki a harkar zirga-zirga, tun daga teburin karɓar wasiƙu aka mayar da ni. Akawun ya duba ya ce, "Malam, wannan ba wa kowa aka rubuta ba. Ka je a rubuto ta da sunan muƙamin shugaban wannan wuri, kuma asali muke karɓa, ba kwafi ba." Raina ya ɓaci a ranar, amma gaskiyarsa ce, ba shi da fayil ɗin da zai saka wasiƙar da ba ta da mai ita. Na koma makaranta da jerin hukumomi huɗu da cikakken muƙamin shugaban kowacce da adireshinta, aka sake buga min huɗu daban-daban. Wannan komawa ta ci wani mako biyu.

Karo na biyu na je da asali da kwafi. A ƙofa aka karɓi katin shaidata aka ba ni na baƙo, na miƙa wasiƙar, akawun ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafina ya miƙo min. Wannan kwafi mai hatimi shi ne makamin ɗalibi, kada ka bar ofis babu shi, kuma ka ɗauki hotonsa a waya kafin ka fita daga harabar. Aka ce in dawo bayan mako guda. Na dawo aka ce fayil yana ofishin oga. Na sake dawowa aka ce an sauko da shi amma ba a san sashen da aka tura ba. Kowane zuwa yana nufin in roƙi izini a wurin aiki, in biya kuɗin mota wanda ya ninka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, in zauna a benci awa biyu ko uku. A zuwa na huɗu ne wani masinja dattijo da ya saba ganina ya kira ni gefe. Ya ce, "Yaro, kai wasiƙa kake tambaya, su kuma lamba suka sani." Ya kai ni wurin babban littafin shige da fice, ya nuna min lambar da aka ba fayil ɗina, ya bi layin da yatsa har inda aka rubuta an tura shi sashen tsare-tsare da bincike da ƙididdiga kwana 11 da suka wuce. Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Tun daga ranar, duk ofishin da na kai wasiƙa, lambar fayil nake fara nema.

A wannan sashe na haɗu da wata mataimakiyar darakta, wadda har yau nake yi wa addu'a. Ta karanta wasiƙata a gabana, inda na nemi "dukkan bayanan zirga-zirgar motoci na shekara goma". Ta cire tabarau ta ce, "Ƙanena, zauna in nuna maka abin da muke da shi." Ta sa aka buɗe wani kabad. A ciki akwai ƙullin takardu na ƙirgen motoci da ma'aikata suka yi da hannu, suna tsaye a bakin titi da biro, wasu kwanaki a wata shekara, wasu kwanaki a wata, ba a wuri ɗaya ba, ba kuma da fom iri ɗaya ba. Wani fom ya raba bas da tasi, wani ya haɗe su. Wasu ƙirge-ƙirgen kuma 'yan kwangila ne suka yi lokacin da za a faɗaɗa wata hanya, rahoton da suka miƙa ne kawai ya rage, ainihin alƙaluman sun tafi da su. Na ce, "Hajiya, to na'urorin da ke kan tituna fa?" Ta ce ba nasu ba ne, kuma kyamarar da aka kafa don tsaro ba don ƙirga mota aka kafa ta ba. Na fito daga ofishin jikina a sanyaye. Watanni ina zargin ana ɓoye min wani rumbu, ashe rumbun ne babu shi a siffar da na zata. Ta yarda na ɗauki hoton takardun da suka shafi hanyata, da sharaɗin in rubuto wata wasiƙar da ta fayyace su, na kuma kawo washegari.

Wani abokina lauya ne ya tuna min da Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu 2011. Ya zaunar da ni ya karanta min sassan da suka shafe ni. Kowa yana da ikon neman bayanin da ke hannun hukumar gwamnati, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu kwanakin da ba su wuce 7 ba idan takardun suna da yawa. In ta ƙi, sai ta rubuto dalili, mai nema kuma yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu. Kuɗin da za a caje ka na kwafi ne kawai da makamancinsa. Amma ya ja min kunne da abu biyu: dokar ta ware bayanan sirrin mutane, kuma ba za ta haifo takardar da babu ita ba. Ya ce in daina rubuta "dukkan bayanai", in rubuta sunan hanya, da shekarun da nake so, da irin jadawalin, da siffar da nake so a ba ni. Na bi shawararsa wurin hukuma ta biyu, inda nake neman rahoton haɗurra a kan hanyar. Amsa ba ta zo cikin kwana 7 ba. Na rubuta tunatarwa cikin ladabi na haɗa da kwafina mai hatimi, a mako na huɗu aka kira ni. Aka ba ni lambar biya, na je banki na biya 'yan dubbai na kwafi, na dawo da rasit. Abin da na samu hotunan shafuka ne da aka mayar PDF, ba jadawalin da kwamfuta za ta iya lissafi da shi ba. Dare goma sha biyu na yi ina kwafe su layi-layi cikin Excel, ina duba kowane shafi sau biyu. Hukumomi biyun da suka rage, ɗaya ta rubuto cewa abin ba ya hannunta, ɗayar har na gama karatu ban ji daga gare ta ba. Ban je kotu ba, domin ba ni da kuɗin lauya ko lokacin shari'a.

Babban burina tun farko shi ne bayanan wayar salula. Duk lokacin da waya ta yi kira, kamfani yana rubuta turken da ta yi amfani da shi, kuma idan aka tara miliyoyin irin wannan za a ga yadda jama'a ke kwarara daga unguwa zuwa unguwa. Na karanta yadda kamfanin waya na Orange ya saki irin waɗannan bayanai na ƙasar Kwaddibuwa ga masu bincike a 2012 bayan an cire sunaye, har wasu suka yi amfani da su wajen ba da shawarar gyara hanyoyin bas a Abijan. Na rubuta wa wani kamfanin waya, aka ba ni ganawa ta minti ashirin da wata jami'a mai kula da kare bayanai. Ta saurare ni har na gama, ta ce ba zai yiwu ba ga ɗalibi shi kaɗai, sai da yarjejeniya tsakanin kamfani da jami'a, da bayanin inda za a adana bayanan da wanda zai taɓa su. Ta ambaci Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, da hukumar da dokar ta kafa. Na ce ai cire sunaye za a yi. Ta ce in je in karanta binciken da aka wallafa a 2013 kan bayanan wayar mutum miliyan ɗaya da rabi, wanda ya nuna cewa sanin wuri huɗu da lokacin da mutum ya kasance a cikinsu ya isa a ware kashi 95 cikin ɗari na mutanen, ko da babu suna. Na je na karanta. Na yi tunanin kaina: gida a Mararaba, ofis a Wuse, masallacin da nake Juma'a, makaranta ranar Asabar. Wa zai kasa gane ni? A nan haushin da nake ji ya tafi, domin ni ma ba zan so a miƙa sawuna ga duk wanda ya zo da takardar makaranta ba.

A watan Yuni na je wurin malamin da ke duba aikina da niyyar sauya batu gaba ɗaya. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Kafin ka yar da shi, faɗa min, takardun da ka samu a ina suka tsaya?" Na ce a Nyanya. Ya ce, "Fasinjojin kuma daga ina suke tasowa?" Sai na yi shiru. Mararaba, Ado, Nyanya Gwandara, Masaka, duk a ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa suke. Lissafin hukumomin Abuja yana ƙarewa a kan iyaka, alhali mutanen da ke cika ofisoshi da kasuwannin birnin da safe a ƙetaren iyakar suke kwana. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuwa ta 2006 ce, wadda ta ba yankin babban birnin mutum wajen miliyan 1.4, kuma kowa ya san garin ya wuce nan tuntuni. Ko jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018 aka sake tayar da shi a Mayun 2024, wajen Idu da filin jirgin sama da Kubwa ya nufa, bai leƙo ɓangarenmu ba. Malamina ya ce wannan giɓin shi ne binciken. Ya ba ni labarin Nairobi, inda ɗalibai suka riƙa hawa ƙananan bas ɗin haya da waya a hannu suna ɗaukar sawun hanya, har aka fitar da taswirar hanyoyinsu a 2014. Ya ce, "In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Je ka ka tara naka."

Tara nawa yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, tunda zan yi wa mutane tambayoyi. Wannan ma da na sani da tun ranar kare kuduri na nema. Sun buƙaci kudurin da aka gyara, da tambayoyin, da takardar neman yardar wanda za a tambaya, da bayanin yadda zan adana amsoshi. Na shirya takardar yardar da Hausa da Turanci da Burokan, domin hanyar ta kowa ce. Kwamitin ba kullum yake zama ba, na jira mako biyar. Gyara ɗaya suka yi min, kuma mai kyau ne: in cire gurbin lambar waya da lambar mota, in tambayi unguwa maimakon adireshi.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro a tasha na yi shi. Ranar farko na tsaya a gefe na ɗaga waya ina ɗaukar hoton layin motoci, kafin in ankara 'yan kamasho uku sun kewaye ni suna tambayar wanda ya aiko ni. Ban ga laifinsu ba. A Nyanya ne bam ya tashi a tashar mota ranar 14 ga Afrilu 2014 ya kashe mutum fiye da 70, wani ya sake tashi ranar 1 ga Mayu, kuma akwai waɗanda ke wurin a ranar har yanzu suna lodi a hanyar. Suka kai ni rumfar shugaban 'yan yuniyon. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa katin makaranta da takardar kwamiti. Ya sa wani ya karanta masa, sannan ya ce, "Malam, da ka fara zuwa nan da ba a taɓa ka ba. Gida ta ƙofa ake shigarsa." Na ba da haƙuri. Ya tambaye ni ko aikin na masu karɓar haraji ne, na rantse masa ba haka ba ne. Ya haɗa ni da wani ɗan kamasho ya zagaya da ni wurin direbobi. Daga ranar ban ƙara samun matsala ba, har wasu direbobin sukan ajiye min kujerar gaba.

Mako shida muka yi, ni da ɗalibai uku da na ɗauka, cikin damina. Kowa da waya mai manhajar ɗaukar sawun tafiya, da tambayoyi a manhajar tattara amsoshi ta KoboToolbox, wadda kyauta ce kuma tana aiki ko babu intanet, sai an samu sabis ta tura. Mukan hau mota daga Masaka ko Mararaba tun ƙarfe biyar da rabi, mu rubuta inda aka tsaya, da kuɗin da aka biya, da mintin da aka yi ana jiran lodi, da yamma kuma mu biyo ta dawowa. Na kafa mana ƙa'ida uku: a tasha kawai za a hau mota saboda 'yan wan-cans, wato 'yan fashin da ke ɗaukar fasinja a motar haya ta bogi, ba a ɗaga waya a kusa da barikin soja ko shingen bincike, kuma kowa ya turo saƙo in ya sauka. Nan ne kuɗi ya tafi. Kuɗin motar mutum huɗu safe da yamma, da na abinci, da ɗan abin hannu ga yaran, da fawa-banki biyu da na saya bayan wayoyi sun mutu mana a tsakiyar gosulo, duka sun haura naira 300,000, kuma babu ko kwabo na wannan a kasafin da na rubuta a kudurina. Sai da na ci bashin adashin ofis.

Sauran abin da na rasa a ofisoshi a intanet na same shi, kyauta. Taswirar tituna daga OpenStreetMap, hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 na Turai waɗanda kowane ɗigo a cikinsu mita 10 ne a ƙasa, da kiyasin yawan jama'a na WorldPop da ke Jami'ar Southampton a Ingila. Da manhajar QGIS na ɗora su a kan juna, na ga da idona yadda rufin kwano ya mamaye gefen hanyar Keffi, wato hanyar da nake bi kullum, shekara bayan shekara. Tsabtace sawun da muka ɗauko ya fi tattara shi wahala. Waya takan yi tsalle ta nuna mota a cikin gidan mutane, wani yaro ya manta bai kashe manhaja ba har ya shiga kasuwa, ga wuta da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Sau ɗaya kwamfutata ta ƙi tashi kwana biyu, abin da ya cece ni shi ne duk daren Allah ina kwafe aikin a fulash in kuma tura wa kaina ta imel.

Wanda zai shiga irin wannan bincike a Abuja, abin da zan ce masa shi ne ya je ya ga bayanan da idonsa kafin ya kare kuduri, ko da shafi ɗaya ne. Ya fara da sashen tsare-tsare da ƙididdiga na hukumar, ya gaisa, ya tambayi abin da suke ajiyewa da siffarsa, sannan ya rubuta wasiƙar da ta dace da abin da ke akwai. Ya tura wasiƙun hukumomi da takardun kwamitin ɗa'a a mako ɗaya, domin jiransu ya tafi tare, ni da na jera su ɗaya bayan ɗaya na yi asarar wata uku a banza. Kuma ya girmama akawu da masinja da ɗan kamasho kamar yadda zai girmama darakta, domin a tafiyata su suka buɗe min ƙofofin da takarda ta kasa buɗewa.

Ranar kare kundi, farfesan nan dattijo yana cikin masu jarrabawa. Ya juya shafuka ya ce, "Ka sa kalmar tarin bayanai a taken kundinka, amma abin da ka tara bai cika fulash ɗaya ba." Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa babi na biyar ya koma kan abin da ya kamata a fara ajiyewa, da fom iri ɗaya, a ɓangarori biyu na iyaka, kafin a yi maganar na'urori." Ya ce in cire kalmar daga taken, in mayar da labarin kabad ɗin nan cikin babi na uku a matsayin sakamako, kada in bar shi a matsayin uzuri. Gyaran ya ɗauke ni kwana goma.

Bayan an ɗaure kundin na buga ƙarin kwafi biyu na taswirar hanyoyin a babbar takarda. Ɗaya na kai wa Hajiya tare da jadawalin Excel na takardun kabad ɗinta, ta sa aka kwafe shi a kwamfutar sashen tun ina zaune. Ɗayan na kai rumfar shugaban tasha. Ya shimfiɗa ta a kan benci, direbobi suka taru, wani ya sa yatsa a wani lungu bayan Ado ya ce nan ma suna lodi da asuba, ba mu sa ba. Na ciro biro na yi alama a wurin, na tambaye shi ƙarfe nawa motar farko ke tashi.